Ɗan Farin Rabi

Ƙannena, tunda kun zo sanin makamar aiki, kuma kun ce in ba ku labari ɗaya cikin abin da na gani, zan ba ku na wata Laraba a ƙarshen damina. Na yi ƙoƙarin mantawa da ita, ta ƙi barina. Ko yanzu in hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa, ranar ce take fara sauko mini kafin ruwan.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon aikin lafiya ba. Shekarun farko ne na shari'a, ana ta cewa ya kamata mata su riƙa duba mata, sai ƙaramar hukuma ta tura ni wani ƙauye a ƙasar Baure, can wajen iyaka. Ni 'yar cikin garin Daura ce, a wata unguwa kusa da Kusugu na tashi, ban taɓa kwana a ƙauye ba sai da aiki ya kai ni. Asibitin namu ɗaki biyu ne da baranda. Mu biyu ne ma'aikata, ni da incajinmu Malam Lawal. Incaji shi ne shugaban wurin, shi ke riƙe da makullin ɗakin magani, shi kuma ke sa hannu in za a tura mara lafiya babban asibiti. Malam Lawal dattijo ne mai raha, ya zaga ƙauyuka da yawa, amma namiji ne, iyakarsa zaure. Duk abin da ke bayan zaure nawa ne: awon ciki, rigakafi, duba masu jego, da bin gida-gida.

Na so aikin nan sosai. Da hantsi nakan rataya jakata in bi ta cikin gonaki, gero ya fi ni tsawo, raɓa tana jiƙa mini bakin hijabi. A raina gani nake ba ciwon da zai gagare ni muddin na yi wa mutane bayani a tsanake. Yarinya ce ni.

A damanar nan wata mura ta shigo ƙauyen. Ku da kuka karanta kun san irinta, amma bari in faɗa don wanda bai sani ba. Ƙwayar cuta ce da ke bin numfashi. In ta kama babba, atishawa ce da ɗan ciwon kai, ya sha yaji a miya ya tafi gona. In ta kama yaro mai gudu, tari ne da majina da ɗan zazzaɓi, ya yi kwanakinsa ya warware. Amma in ta samu jinjiri, sai ta gangara can cikin huhu, inda kafofin iska suke sirara kamar zare, ta kumbura su ta cika su da majina. Babu allurar da ke kashe ta. Abin da ake yi shi ne a taimaki yaro ya ci gaba da shan nono, a buɗe masa hanci, in abin ya yi tsanani a sa masa iskar oksijin har jikinsa ya ci ƙarfinta. Mu kuwa ba mu da oksijin. Sai Daura.

Kuma ba ta da wata hanya ta ɓoye. Ta tari take bi, ta atishawa, ta hannun da ya share hanci ya ɗauki wani, ta moɗar da kowa ke sha da ita a bakin randa. Yaro ɗaya ya kwaso ta a makarantar allo ko wajen wasa, kafin mako ya zagayo gidan duka yana tari.

Gidan Malam Audu na cikin gidajen da ta shiga. Manomi ne, gidansa babba, 'ya'yansa maza da matansu duk suna ciki. Matarsa ita ce Inna Dije, tsohuwa mai faɗin fuska da son mutane, ba ka shiga gidanta ka fito ba ka ci wani abu ba. 'Yarsu Rabi, wadda ke aure a Mashi, ta dawo gida wanka, ta haifi ɗanta na fari, namiji. Aka sa masa suna Yusufa. Ni na duba cibiyarsa, ni na ɗiga masa rigakafi. Yaro ne mai gashi baƙi sidik, in yana barci sai ya dunƙule hannu ya tokare kunci, kamar dattijon da ke tunanin bana.

Ranar da na shiga gidan na ji tari ta ko'ina, Yusufa bai yi arba'in ba. Na tarar da shi a ɗakin Inna, kwance a tsakiyar gadonta. Ɗakin Inna ne kaɗai mai rufin kwano a gidan, ba ya yoyo, don haka da damina duk ƙananan jikoki a nan suke kwana. Suna nan kewaye da shi, kowa da majina. Wata 'yar shekara huɗu mai suna Halima, jikar Inna ta wajen ɗa, ta kifa fuskarta a kan tasa tana yi masa waƙa, tana tari, tana ci gaba da waƙar.

Na gaishe da Inna, na ce, "Inna, yaran nan duk mura suke."

Ta ce, "Ai kuwa Malama, sun hana ni barci. Kamar kwaɗi a tafki." Ta jawo Halima ta share mata hanci da gefen zaninta, ta share wa na kusa da ita, sannan ta sunkuya ta goge wa Yusufa baki da wurin. Ta ce, "Ga mijina nan, shi kaɗai ne mai hankali a gidan nan. Ba ya tari, ba ya neman kuɗin cefane a hannuna."

Na zauna na yi mata bayani kamar yadda na yi muku yanzu. Na ce abin da ke wa Halima tari kawai, shi zai iya toshe wa jinjiri numfashi. Na ce a mayar da shi ɗakin uwarsa, ya kwana a jikinta, kada yaran su shiga har murar ta wuce, kuma duk wanda zai ɗauke shi ya wanke hannu da sabulu.

Inna ta saurare ni har na gama. Sannan ta riƙe haɓa.

"Ɗan fari? A ɗakin uwarsa? Ta rungume shi ta kwana, ta tashi da shi, gari yana kallo? Haba Malama 'yar birni. So kike a yi da mu a bakin rijiya?"

Na ce, "Inna, na 'yan kwanaki ne."

"Ke da ko 'yar tsana ba ki gama goyo ba. Ni na haifa, na goya, na yaye, na aurar. Uwata ce ta riƙe mini na fari, ni ma ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba har ya yi gemu. Rabi kuma ba a titi muka tsinto ta ba, tana da kunya. Nono ne nata, ana kai mata shi ya sha a dawo da shi."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Dariya take yi, har ta sa aka kawo mini dafaffiyar gyaɗa. Ta kuma yi mini alkawarin za ta hana yaran taɓa shi, nan take ta daka musu tsawa suka watse. Kafin in kai zaure na waiwaya, Halima ta riga ta koma kan gadon.

Ku 'yan birni wataƙila kun ga ƙarshen wannan al'ada kawai. A can kuwa tana da ƙarfinta. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi kuka sai ta kau da kai har wata ta ce mata, "Ke, ba shi mana." Wannan ita ce shaidar tarbiyya. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san son yana nan, rufe shi ake yi kamar yadda ake rufe wuta da toka.

Na leƙa ɗakin Rabi kafin in fita. Tana zaune kusa da kaskon wuta, ta fito daga wanka, jikinta yana tururi. Yarinya ce siririya mai manyan idanu, ba za ta girme ni ba. Na tabbata ta ji duk abin da muka yi da Inna, don ɗakunan suna kallon juna. Ta gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa. Ba ta ce komai a kan yaron ba, ni ma ban ce ba.

Da na koma na faɗa wa Malam Lawal. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "Malama Safiya, Inna Dije kika je ki raba da jikanta? Ai ko dagaci bai isa ba. Ki koma jibi ki ƙirga numfashinsa. In ya haura, ko kika ga ƙirji yana lotsawa, kada ki tsaya gaisuwa, ki zo ki same ni."

Na koma. Yusufa ya fara atishawa, hancinsa ya toshe, amma jikinsa ba zafi. Na ɗora agogona na ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, kamar yadda aka koya mana, yana kwance shiru ba ya kuka. Bai kai inda ake tsoro ba. Na nuna wa Inna yadda za ta ɗiga masa ruwan gishiri a hanci kafin a kai shi shan nono. Na lissafa mata alamun haɗari: numfashi da sauri, ƙasan haƙarƙari yana shigewa ciki, ko ya daina kama nono.

Ranar ɗakin cike yake da mata 'yan barka da suka zo daga wani ƙauye, ana ta miƙa yaron daga hannu zuwa hannu, kowacce ta sumbace shi ta sa albarka. Aka kira Rabi ta zo ta gaishe su, ta durƙusa a bakin ƙofa. Na juya na ce, "Rabi, yana kama nono sosai?"

Ta sunkuyar da kai, ta kama zaren tabarma tana ja.

Wata daga cikin baƙin ta fashe da dariya. "Malama, ɗan fari ne fa! Ita za ki tambaya? Ai ko sunansa ba ta sani ba."

Aka yi dariya gaba ɗaya. Inna ta ce, "Yana sha kamar maraƙi. In an kai shi ba a dawo mini da shi sai cikinsa ya yi tulu."

Inna ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta sani ta faɗa: ana ɗaukarsa a kai ɗakin Rabi, a jima a dawo da shi. Abin da ke faruwa a cikin ɗakin, mutum ɗaya ce ta sani.

Washegari aka kira mu Baure taron shirin rigakafi, aka ce ni zan je in kuma taho da alluran. Ruwa ya tsare ni a can, rafin da ke tsakaninmu da titi ya kawo, ban dawo ba sai yammacin Talata.

Laraba da hantsi ina shara a baranda, sai na hango mace ta ɓullo ta cikin gero, ba ta hanyar da kowa ke bi ba. Ta sa wani babban hijabi da ya yi mata yawa, yana jan ƙasa. Sai da ta zo gabana na gane Rabi ce, hijabin kuma na Inna ne. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, balle ita kaɗai.

Ta ce, "Kaina ke ciwo, Malama."

Na shigar da ita ɗakin awo na rufe ƙofa. Na ɗauko abin awon jini, ta miƙo hannu. Ban ɗaura ba. Na ce, "Rabi, ba kowa a nan sai ni da ke."

Ta dubi ƙofar. Ta dubi taga. Sannan ta ce, tana kallon ƙasa, "Yaron can ne. Ba ya ja."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika sake zuwa ya fara saki. Ya kama, ya saki, ya yi haki. Jiya ko kamawa ba ya yi. In sun kawo shi sai in riƙe shi kawai, in sun dawo in ba su."

"Ba ki faɗa wa Inna ba?"

Sai idanunta suka ciko. "Na buɗe baki ya fi a ƙirga. In ce mata me? Ta ce yau ya yi hankali, ba ya kuka."

Ban san lokacin da na ɗauki jaka ba. Na leƙa ɗakin magani na ce, "Malam, jinjirin gidan Malam Audu ne." Bai tambaye ni komai ba, ya tashi ya biyo mu har zauren gidan.

Yusufa yana kan gadon Inna, an lulluɓe shi da zani mai kyau. Ba ya kuka, gaskiyar Inna. Ba shi da ƙarfin kukan ne. Na yaye zanin na ɗaga rigarsa. Duk numfashin da zai ja sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa, kofofin hancinsa su buɗe, kansa ya ɗan gyaɗa, kamar mai amsa wata tambaya da ba ta ƙarewa. Wani siririn fito yana fita daga ƙirjinsa. Na ɗora agogo, tun kafin minti ya cika na daina ƙirgawa. Leɓensa ya fara sauya launi.

Na ce, "Inna, Daura za mu. Yanzu."

Ta dube ni, ta dubi yaron, ta dubi Rabi da ke tsaye a bakin ƙofa cikin hijabinta. Na ga lokacin da ta gane inda 'yarta ta je. Ban taɓa ganin fuska ta tsufa a gabana kamar yadda tata ta yi ba. Ba ta yi gardama ba. Ta ce, "A kira Malam a gona."

Malam Audu ya zo da laka har gwiwa. Malam Lawal ya yi masa bayani a zaure, Malam Audu ya ce, "A tafi mana, me ake jira?" Ba wanda ya hana mu. Ina so ku riƙe wannan, don in ana ba da irin labarin nan an fi son a samu mugu. Gidan nan ba mugu. Malam Lawal ya rubuta takardar tura mara lafiya ya ba ni, ya ce in raka su, shi zai tsare asibiti.

Abin da ya rage shi ne hanya. Babura biyu suka kai mu bakin rafi. Ruwan ya ragu amma bai sauka ba, sai da aka tsallaka da mu a ƙafa, Malam Audu ya ɗaga jikansa sama da kansa yana taka ruwa a hankali yana salati. A bakin titi muka jira mota. Wadda ta zo ta kasuwa ce, cike da buhuna da mutane. Direban ya ga abin da ke hannunmu ya sauke fasinjoji biyu daga gaba ba tare da an roƙe shi ba, su ma ba su ce uffan ba.

A motar Inna ce ke riƙe da shi. Rabi tana gefe, ta juya fuska tana kallon gonaki, hannayenta a cikin hijabi. Amma ina ganin yadda wuyanta ke motsi duk lokacin da ya yi wannan fiton. Da muka wuce Zango sai na karɓe shi daga hannun Inna, na ɗaga murya yadda kowa a motar zai ji.

Na ce, "Dokar asibiti ce, dole uwa ta riƙe shi a ƙirjinta, fata da fata, don ɗumi. Rabi, buɗe hijabinki. Ba shawara nake ba ki ba."

Inna ta ce, "Karɓi mana, ba ki ji Malama ba?" Muryarta ta karye a tsakiya.

Rabi ta karɓe shi. Ta shigar da shi cikin hijabin, ta sunkuya a kansa, ta rufe shi da jikinta gaba ɗaya. Daga nan har Daura ba ta ɗago ba. Ina jin tana yi masa wata magana can ƙasa, ƙarar mota ta hana ni ji.

Mun isa babban asibiti bayan azahar. Ba su ɓata lokaci ba. Nas ta karɓe shi da gudu, aka sa masa oksijin, aka zura masa siririn bututu ta hanci don a ba shi nonon da Rabi ta tatsa. Likita ya saurari ƙirjinsa ya daɗe, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Ya gaji. Ya daɗe yana wannan kokawa. Za mu yi abin da za mu iya."

Leɓensa ya ɗan dawo ja. Har na fara jin wani abu kamar fata yana motsi a raina. Rabi tana zaune a bakin gadon, ɗan yatsanta a cikin tafin hannunsa. Aka kira la'asar, Malam Audu ya tafi masallaci. Kafin ya dawo, numfashin ya fara tsallake. Ya ja, ya tsaya, ya ja. Sannan ya tsaya, muka jira, bai sake ja ba.

Rabi ba ta yi kuka ba. Ta zare yatsanta a hankali, ta gyara hijabi, ta koma gefe ta ba Inna wuri.

Na je gaisuwa ranar uku. Tsakar gida cike da mata. Yaran duk sun warware, suna guje-guje a bayan rumbu, tarin ya zama ɗan kaɗan. Rabi tana zaune a kan tabarma, fuskarta a bushe, tana amsa gaisuwa da "Na gode." Na ji wata tana cewa ta kusa da ita, "Kai, yarinyar nan akwai kunya. Ko ɗigon hawaye. Dije ta iya tarbiyya."

Halima ta zo ta ja mini hijabi. Ta ce, "Malama, ke kika tafi da jinjirinmu. Yaushe za ki dawo da shi?"

Inna ce ta kore ta, sannan ta kira ni ɗakinta. Gadon yana nan da zanin a ninke. Ta kama hannuna da hannu biyu.

"Malama, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Ni na kashe mijina?"

Na ce, "A'a Inna. Kwanansa ne ya ƙare."

"Amma kin faɗa mini."

"Kin riƙe shi yadda aka riƙe naki. Ba wanda ya so shi kamarki."

Ta girgiza kai. Ban san ko ta yarda ba. Ni kaina ban san iyakar gaskiyar abin da na faɗa ba. Ko da an raba shi da yaran tun ranar farko, mai yiwuwa murar ta riga ta shige shi. Mai yiwuwa kuma da yanzu yana nan yana kiwon awaki. Ba wanda zai taɓa gaya mini.

Ana gobe za a mayar da ita Mashi, Rabi ta zo asibiti. Wannan karon ta hanyar kowa ta biyo, kuma ciwon na gaske ne: nono ya cika ya yi tauri, yana sa ta zazzaɓi. Na rufe ƙofa, na gasa mata da ruwan ɗumi, na nuna mata yadda za ta ɗaure ƙirji har ruwan ya ƙafe, na ba ta maganin zafi. Sai da na gama, tana ɗaura zani, ta yi magana.

"Malama, jikina bai san ya tafi ba. In lokacin da ake kawo shi ya yi, sai ya zubo."

Na ce, "Zai daina a hankali."

Ana ɗan yayyafi a waje, yana taɓa kwano.

"Ban taɓa kiran sunansa ba," ta ce. "Ko a ɗaki, ni da shi. Ina jin nauyi. A mota na so in kira, na ce bari sai ya warke." Ta ɗago ta dube ni, karo na farko da ta kalli cikin idona. "In na kira yanzu, laifi ne?"

Na ce, "Ba laifi, Rabi."

Ta buɗe baki, ta rufe. Sannan ta faɗe shi a hankali, sau ɗaya, kamar mai taɓa ruwan wanka ta ji zafinsa.

"Yusufa."

Gaban rigarta ya jiƙe nan take. Ta dubi wurin, ta rufe shi da hannu biyu, sai kukan ya zo. Na riƙe ta har yayyafin ya tsaya. Da ta gama ta wanke fuska a butata, ta gyara hijabi, ta fita kamar wadda ta zo karɓar maganin ciwon kai. Ban sake ganinta ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, kuma ba ya sanyaya zuciya. A makaranta an koya mana cewa wannan cuta tana bin tari da hannu. Ba a gaya mana cewa hannun na masu son yaron ne ba: kakar da ta ba shi tsakiyar gadonta, yayar da ke yi masa waƙa, baƙin da suka taka laka don su sa masa albarka. Ba za ku iya korar su duka ba, kuma in kun ce za ku yi, ku za a kora. An kuma koya mana mu tambayi uwa. Ba a gaya mana cewa akwai uwar da ba za ta iya amsawa ba in akwai kunne na uku a ɗakin.

Don haka in kun shiga gida kuka ji yara suna tari, ku nemi mafi ƙanƙanta, ku ga inda yake kwana. In ɗan fari ne, ku ja uwar ɗaki, ku rufe ƙofa, sannan ku tambaya. In kuna so ta riƙe ɗanta, kada ku roƙe ta a gaban mutane, ku ba ta umarni da babbar murya, a ce Malama ce mara kunya. Mu za mu iya ɗaukar wannan suna, ita ba za ta iya ba.

Haka nake yi tun daga ranar. Wani lokaci ina samunsu da wuri. Amma duk damina murar tana dawowa, ɗaki mai rufin kwano har yanzu ɗaya ne a gidaje da yawa, rafi yana kawowa, Daura kuma ba ta matso ba. Nakan rufe ƙofa in ce, "Ba kowa a nan sai ni da ke." Sau da yawa, kafin yarinyar ta buɗe baki, na riga na ga amsar a gaban rigarta.